Tauraron ɗan'adam da makiyayarmu a Mambilla: abin da ya yi mana da abin da ya kasa

Ranar da na fara nuna wa Baba hoton makiyayarmu daga sama, bai karɓi wayar ba. Cewa ya yi in riƙe masa ita nesa kaɗan da fuska. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wani jan layi da ya ratsa kore ya gangara rafi, ya ce, "Wannan ai hanyar mashaya ce." Ita ce kuwa. Shekara da shekaru kofato na cin wurin har jar ƙasa ta fito, ta yi faɗin da na'urar da ke yawo kilomita 786 sama da kanmu take iya ganinta. Sai ya ɗago ya tambaye ni, "To ya san wacce ciyawa saniya ke ci?" Na ce, "Baba, ka ba ni lokaci in bincika." Tun daga ranar nake wannan binciken. Ina rubuta abin da na samu ne saboda 'yan'uwa na Gembu, Dorofi, Mayo Ndaga, har da na ƙetaren iyaka a tsaunukan Kamaru, waɗanda ke jin labarin irin waɗannan kaya suna tunanin ko su sa kuɗinsu.

Ni haifaffen Nguroje ne, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Na yi karatun lafiyar dabbobi na dawo gida, yanzu ni da ƙannena biyu ke kula da shanun gidanmu. Ba zan faɗi yawansu ba, ba ɗabi'armu ba ce. Baƙon da ya taso daga Serti, ya bi ta Mayo Selbe ya haura kwane-kwanen dutsen nan zuwa Maisamari, da ya ga tuddai kore shar iya ganinsa sai ya ce shanun nan ba su san yunwa ba. Gaskiya ne Allah ya yi mana ni'ima: muna kimanin mita 1,600 sama da teku, ga sanyi, ga ruwan sama daga wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, ƙudan tsando kuma bai dame mu ba kamar mutanen ƙasa. Amma wanda ke bin shanu ya san ciyawar da kakanninmu suka tarar ba ita ke nan yanzu ba. Shanu sun yi yawa, fili ya ragu, ƙasa ta gaji.

Abu uku na gwada: hotunan tauraron Sentinel-2 ta shafin Copernicus Browser, na'urar auna danshin ƙasa, da ma'aunin ruwan sama. Na farkon zan fi daɗewa a kansa, don shi ne ya fi amfani, kuma shi ne ba a biya ko kwabo.

Hotunan na shirin Copernicus ne na Tarayyar Turai, hukumar sararin samaniya ta Turai ce ke tafiyar da taurarin. An harba Sentinel-2A a Yunin 2015, 2B a Maris na 2017, 2C kuma a Satumban 2024. Duk wucewa ɗaya yakan ɗauki faɗin kilomita 290, kuma kusan duk kwana biyar sai an sake ɗaukar wurinka, da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wato hekta ɗaya ɗigo ɗari ke nan. Na kawo wannan ne saboda tambayar farko da Kawu ya yi mini ita ce ko da wannan abin za a riƙa ƙirga shanu don jangali. Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka." Saniya ba ta fitowa a ciki. Abin da ake gani shi ne tudu, rafi, kurmi, gona, ƙuna, da wurin da shanu suka daɗe suna kwana har ƙasa ta sauya launi.

Buɗe shafin ba wuya. Ka nemi garinku, ka ja taswira zuwa makiyayarka, ka zaɓi rana. In ka yi rajista da adireshin imel, kyauta, za ka iya zana iyakar filinka, shafin ya fitar maka da zanen layi da ke nuna hawa da saukar koren wurin wata bayan wata, har shekaru baya. Babu Hausa a cikinsa, babu Fulatanci, sai dai wanda ya gama sakandare zai iya koya a mako ɗaya in yana da mai nuna masa. Ya fi daɗi a kwamfuta, a waya sai an yi haƙuri da ƙanƙantar fuska. Yana son sabis mai ƙarfi, shi ya sa nakan tara aikina sai ranar da na shiga Gembu, ko in hau wani tudu bayan gidanmu inda sabis ke zama.

Maɓallin da kowa ke fara dannawa shi ne NDVI. Ga yadda yake aiki a taƙaice: ganye mai rai yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana kuma mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Tauraron yana auna duka biyun, a ɗebe ɗaya daga ɗaya a raba da jimillarsu, sai a samu lamba tsakanin -1 da 1. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, ƙasa tsirara tana kusa da sifili, ganye mai yawa kuma yana haurawa 0.6, 0.7, 0.8. A hoto kuwa, iya yawan ganye iya duhun kore.

Matsalar farko da duk ɗan Mambilla zai ci karo da ita ita ce gajimare. Wannan tauraro ido ne, abin da ya tare ido ya tare shi. Daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfe goma da rabi na safe sau da yawa hazo bai ma tashi daga kwari ba. A Agustan 2024 ban samu hoto ko ɗaya da makiyayarmu ta fito sarai ba. Akwai ɗan'uwansa Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana. Na gwada shi, amma a ƙasa mai hawa da gangara irin tamu hotonsa na da wuyar karantawa: gangaren da ke fuskantar tauraron sai ya yi fari fat, na bayansa ya yi baƙi, ba don ciyawa ba, don siffar dutsen. Na bar wa masana.

Dabaru biyu na koya da wahala. Akwai wurin da ake zaɓar yawan gajimaren da za ka yarda da shi. Da farko nakan sa shi ƙasa sosai, sai shafin ya ɓoye mini kusan komai. Ashe lissafin na babban yanki ne mai faɗin kilomita ɗari da 'yan kai, ba na filinka kaɗai ba. Ana iya samun ranar da gajimare ya rufe fiye da rabin yankin, amma tudunka a buɗe yake. Ka ɗaga shi sama, ka riƙa duba ranaku ɗaya bayan ɗaya da idonka. Ta biyun kuma, in ka ga layin kore ya faɗi warwas rana ɗaya ya sake tashi bayan kwana biyar, ba ciyawa ce ta mutu ba. Siririn gajimare ne ko inuwarsa. Sau ɗaya na ga irin wannan faɗuwa a watan Yuli, hankalina ya tashi, na ɗauka tsutsa ce ta afka wa gangaren gabas. Na hau babur cikin taɓo na je, na tarar da ciyawa har gwiwa. Tun daga nan ba na yarda da lamba sai na buɗe ainihin hoton ranar na gani. Haka inuwar dutse a kwazazzabai masu zurfi, ita ma takan ɓata lissafi.

Amma abin da ya sa ban yar da shi ba shi ne wannan: lokacin da sama ke buɗewa, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da makiyayi ya fi buƙatar labari. Da damina ko'ina abinci ne. Da rani ne ake tambayar ina za a nufa. Kuma a rani hoto na zuwa kusan duk kwana biyar, sai dai ƙurar hunturu ta ɗan dusashe shi wasu ranaku.

A nan ne maɓallin da aka rubuta SWIR ya zama abokina. Da shi ƙuna ke fitowa ƙarara, sabuwa daban, tsohuwa daban. Mun san bayan an ƙone tudu, in akwai sauran danshi, toho kan fito cikin 'yan makonni, shanu kuma ba abin da suke so irinsa. A Janairun 2024 muna shawarar gangarawa kwari da garke, sai na ga wani gangare da aka ƙone a Disamba ya fara komawa kore, tafiyar rabin yini daga ruga. Ban kaɗa shanu a kan maganar hoto ba. Na tura ƙanena da babur, ya je ya gani, ya nemi izinin masu wurin, sannan muka tafi. Mako uku muka samu a can kafin mu gangara. Wanda ya taɓa kora shanu masu ciki yini guda zuwa wurin da ya tarar ba komai ya san darajar wannan. Akwai kuma maɓallin danshi, wanda ke nuna fadamun da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani. Yana da amfani, sai dai a tuna cewa irin waɗannan wurare su ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Inda hoto ya ce maka ga danshi, nan ne za ka shirya maganin hanta.

Yanzu ga amsar tambayar Baba. A'a, bai san wacce ciyawa saniya ke ci ba. Wannan ita ce babbar gazawarsa, kuma duk wanda ya zo yana tallata maka shi bai faɗi wannan ba, ka yi hattara da shi.

A hoton Nuwamba na shekarar farko, wurin da ya fi ko'ina duhun kore a makiyayarmu wani gangare ne da ke arewa da rafi. Lambarsa ta haura 0.7, alhali tudun da shanu suka fi ƙoshi a kai yana wajen 0.5. Da a ofis nake zaune a Jalingo ko Abuja, da na rubuta cewa gangaren arewa shi ne mafi albarka. Mu kuwa mun san shi. Tsiron nan ne mai ganye kamar gashin jimina ya cinye shi, wanda masana ke kira Pteridium. Shanu ba sa son sa, sai yunwa ta matsa. In kuma suka daɗe suna ci, guba ce: saniya ta fara fitsarin jini, ta rame, a ƙarshe a yanka. Saiwarsa na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wuta ba ta kai mata, don haka duk ƙunar da aka yi da duk kiwon da ya wuce kima, shi ake share wa fili. Haka ciyawar nan mai tauri da ke fitowa dunƙule-dunƙule a wuraren da aka tattake, Sporobolus a bakin masana, wadda in ta tsufa sai ta ci haƙoran saniya kafin ta cika mata ciki. A hoto kore ce kyakkyawa. Gonakin itacen turare da suka bazu a tuddanmu kore ne shekara zagaye. Ganyen shayin Kakara ma kore ne. Ba ɗaya a cikinsu da ke zama nono.

Na ɗan yi sanyi da abin a lokacin. Sai na yi tunanin in juya shi: tunda ba zai gaya mini mene ne a wurin ba, ni in gaya masa. Na ɗauki kwana huɗu ina zagaya gangaren da ƙafa, waya a hannu, ina sa alama a taswira duk inda tsiron ya mamaye da inda ciyawa ta gari ta rage. Da na dawo na ɗora alamomin a kan hotunan rani, sai na lura da abu ɗaya: a wurinmu, bayan ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, wuraren tsiron nan sukan ƙara makonni suna kore. Wato akwai ɗan lokaci a farkon rani da yake fitowa shi kaɗai kamar tabo a jikin tudu. Na koma baya, na buɗe hotunan irin wannan lokaci na 2017, na jera su da na 2023. Tabon da ya tsaya a bakin rafi a da, yanzu ya hau kusan rabin gangaren.

Na kai wa Baba hotunan biyu gefe da gefe. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Shekara nawa ina faɗa muku?" Gaskiyarsa ne, ya daɗe yana faɗa, mu yara muna ɗauka maganar tsofaffi ce da kullum ke cewa da ta fi yanzu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai abin da hoton ya yi, wanda maganar Baba ba ta yi ba, shi ne ya sa baffannina uku da muke tarayya a filin suka zauna wuri ɗaya suka yarda. A wannan zama aka amince a kewaye wani yanki da waya mai ƙaya a hutar da shi, a kuma riƙa sare tsiron sau biyu kowace damina. Sara ɗaya ba ya kashe shi, sai an yi ta maimaitawa shekaru har saiwar ta ƙare abincin da ta tara. Idan aka tambaye ni amfani ɗaya tak da na samu a wannan shafi, to wannan ne: yana ajiye tarihin ƙasa, kuma tarihin ba na kowa ba ne a cikinmu, shi ya sa ba wanda ya ce an yi masa son kai.

Na'urorin ƙasa kuwa labarinsu daban. Su ne na sa wa kuɗi, su ne kuma suka fi ba ni wahala.

Ta farko 'yar ƙarama ce mai ƙarfe biyu kamar cokali mai yatsu, ana soka ta a ƙasa. Na saye ta da arha a intanet. Ƙasarmu ja ce mai tsami, kuma da damina ba ta bushewa. Kafin wata biyu ƙarafan sun yi tsatsa, lambobin da take bayarwa suka zama shirme. Araha ba ta ado. Irin wannan ta tukunyar fure ce, kada wanda ya kai ta daji.

Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, kusan kuɗin ɗan maraƙi. Akwati ce mai batir da ƙaramar sola da layin waya, da sanduna biyu rufaffu da ake binnewa, tana turo saƙo zuwa waya. Wanda ya sayar mini, ba zan kama sunansa ba, ya yi alkawarin zai riƙa taimaka mini ta waya in wani abu ya taso. Bayan wata uku ya daina ɗauka. Na koyi sauran da kaina. Solar da ta zo da ita an yi ta ne don ƙasar da ke da rana, mu kuwa mukan yi kwana huɗu a Agusta ba mu ga rana ba, sai batir ya mutu, sai da na sa babba. Sabis yakan ɗauke, saƙon kwana uku ya zo a tare ko ya ɓace. Makon farko ma wani bijimi ya mai da sandar da na kafa ta wurin susa, ya karkatar da ita ya tsinke waya ɗaya. Duk abin da za ka kafa a makiyaya, ka fara kewaye shi kafin ka kunna shi. Sannan ka sani cewa sandar da ka binne ba ta san komai ba sai ƙasar da ke manne da ita, abin da bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Taku ashirin gaba labari na iya sauyawa. Lambar da take bayarwa kuma ba a daidaita ta da irin ƙasarmu ba, don haka ban ɗauke ta a matsayin gaskiyar yawan ruwa ba, hawa da saukarta kawai nake bi.

Duk da haka ta koya mini abu ɗaya da ba zan manta ba. Bayan mun yi shingen, na ɗaure akwatin a jikinsa, na binne sanda ɗaya a ciki inda ciyawa ke hutawa, ɗayar a waje inda shanu ke bi kullum, duka a zurfin santimita 30. A damina ta biyu, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ta ciki takan tashi cikin sa'o'i kaɗan ta kuma daɗe ba ta sauka ba. Ta waje da ƙyar take motsi. Ruwa ɗaya, tudu ɗaya, tsakaninsu bai fi taku goma sha biyar ba. Ƙasar da kofato ya daddale ba ta shan ruwa, gudu yake yi a kanta ya tafi da ita rafi. A nan na gane dalilin da rafinmu ke yin ja da damina ya kuma ƙafe da wuri da rani. Na tsaya a wurin cikin yayyafi ina kallon ruwa na gangara a waje yana nutsewa a ciki, raina ya ɓaci ƙwarai, don mu muka yi wa ƙasar nan haka da hannunmu. Zan ce wa mutum ɗaya ya saye ta? A'a. Ƙungiyar makiyaya ko makaranta, waɗanda za su sa mutum ya kula da ita, su suka dace da ita. Darasin da ta ba ni kuwa, mai fartanya zai iya samunsa in ya haƙa rami biyu bayan ruwa ya taɓa ƙasar da hannu.

Akwatin ya zo da nasa ma'aunin ruwan sama mai ɗan cokali da ke juyewa duk sanda ya cika. Zanzaro ya yi gini a maƙogwaronsa, ya yi mako biyu yana ce mini ba a yi ruwa ba alhali muna cikin marka. Wanda ya riƙe mu shi ne na roba mai lambobi a jiki, wanda bai kai kuɗin buhun gishirin shanu ba. Na kafa shi a fili nesa da itace da rufin ɗaki. 'Yata ta fari ce ke karanta shi kullum da safe kafin ta tafi makaranta, ta rubuta a littafi ta zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta sauka a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Amfaninsa ya fi fitowa a bazara, sanda ake ruwa ɗaya ko biyu mutane su yi ɗokin dawo da shanu tudu, sai kuma sama ta ɗauke kwana goma sha. Yanzu muna duba littafin yarinyar mu haɗa da hoto kafin mu taso daga kwari. Cikin duk abin da na saya, shi kaɗai ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Akwai na huɗu da ban saya ba, mai walda ne ya lanƙwasa mini a Nguroje: ƙarfen rodi mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe. Shi ne ke haɗa hoton sama da cikin saniya. Ka jefa shi a wurare biyar ko shida, ka yanke ciyawar da ke ciki, wadda shanu ke ci kaɗai, ka shanya ta bushe ƙarau, ka auna a sikeli. Giram nawa ka samu, ka ninka sau goma, ya ba ka kilo nawa ke cikin hekta. Saniya mai nauyin kilo 250 na buƙatar kimanin kilo shida da kwata na busasshiyar ciyawa a yini. Ba duka za ka lissafa ba, ni rabi nake bar wa ƙasa da abin da kofato zai tattake. Da wannan lissafin nake iya ce wa Baba wuri kaza zai riƙe mu kwana kaza, shi kuma ya kalli wurin ya ce in rage kaɗan ko in ƙara. Galibi ba ma yin nisa da juna.

Wani gargaɗi da ya zama dole in yi. Duk ɗan Mambilla ya san abin da rigimar ƙasa ta jawo mana a 2017, ba wanda ke fatan sake ganin irinsa. Na fara jin wasu na cewa za su ɗauki hoton tauraro su kai gaban hakimi a matsayin shaidar iyaka. Don Allah kada a yi. Ɗigo ɗaya mita 10 ne, kuskuren ɗigo biyu ya isa ya cinye kunya ashirin na masarar mutum. Hoton ba ya sanin wa ya gada, wa aka ara wa, wa ya saya. Wani maƙwabcinmu manomi, dattijo, ya ji labarin abin da nake yi ya zo ya ce, "Ɗana, nuna mini tawa gonar." Muka zauna a inuwa muka duba tare. Ya ga inda zaizaya ke cin gefen gonarsa, na ga ashe ruwan da ke cin ta daga hanyar mashayarmu yake gangarowa. Wannan asabar ɗin ni da ƙannena muka je muka jera duwatsu muka karkatar da shi. Irin wannan amfani nake so a yi da shi.

In kana son ganin yadda ƙasar nan take in an bar ta, ka ja taswirar zuwa kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ka buɗe hoton Fabrairu. Ko'ina ya yi ruwan ƙasa da baƙin ƙuna, shi kuwa yana nan kore, da 'yan siraran kurame da ke bin rafuka kamar jijiyoyi. Daga irinsu ruwan da shanunmu ke sha da rani yake fitowa. Ka jera shekaru ka ga yadda wuta ke lasar bakinsu.

Shingenmu yanzu ya shiga damina ta uku. Mun yi saran farko a Yuni, na biyu yana jiran ƙarshen Agusta. A ciki, ciyawa mai laushi ta fara dawowa tsakanin kututturan tsiron, har da wata doguwa da Baba ya ce rabonsa da ganinta a wannan gangare tun muna yara. Akwatin danshi yana nan yana aiki da sanda ɗaya, ɗayar ɓera ya ci wayarta, ban kuma samu mai sayar da irinta ba tukuna. Sama a rufe take, ba na sa ran hoto mai kyau kafin Nuwamba. Na riga na ajiye na 2017 da na 2023 a kwamfuta, in na bana ya fito zan jera su uku in kai wa baffannina, don akwai maganar ƙara shinge na biyu a gangaren gabas, biyu daga cikinsu kuma ba su amince ba tukuna.